Daga Cilla Kwabo zuwa Kalkuleta: Tarihin Koyar da Yiwuwa ta Hanyar Gwaji

Ilimin yiwuwa, wato reshen lissafi da ke auna damar faruwar abu, yana da hanyoyi biyu: ta nazari, wadda ke ƙididdige sakamako tun kafin a taɓa komai, da ta gwaji, wadda ke maimaita abu sau da yawa sannan a raba adadin fitowarsa da jimillar gwaje-gwajen. Jacob Bernoulli ne ya haɗa su a littafinsa Ars Conjectandi, wanda aka buga a 1713 bayan rasuwarsa, inda ya tabbatar cewa idan gwaji ya yawaita, abin da aka gani yakan matso kusa da abin da aka lissafa. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cilla kwabo sau 10,000, fuskar kai ta fito sau 5,067, kuma littafin da ya wallafa a 1946 ya nuna cewa ana iya gina darasin kacokan a kan gwaji.

Matsalar aji ita ce lokaci, domin ɗalibin da ya jefa ɗan lido sau 20 yana iya rasa shida gaba ɗaya, ya tashi da yaƙinin cewa shida ta fi sauran lambobi wuyar samu. Kalkuleta ce ta warware wannan, musamman bayan Casio ya fitar da fx-7000G mai zana jadawali a 1985, Texas Instruments kuma ya biyo da TI-81 a 1990, shekara guda bayan ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka, NCTM, ta fitar da ƙa'idojinta na 1989 da suka ba gwaji da kwaikwayonsa muhimmanci. Da maɓallin da ke fitar da lambobi barkatai, aji guda yana tara ɗaruruwan jifa kafin a buga ƙararrawa, a haɗa su a allo, ɗalibai su ga kason shida yana daidaita kusa da ɗaya bisa shida.

Sai dai malamai sun gano cewa lambobin na'ura daga wata dabara suke fitowa, wadda ke farawa da lamba guda da ake kira iri, shi ya sa sababbin TI-83 ke ba kowane ɗalibi jeri iri ɗaya idan ba a sauya irin ba. Don haka gogaggu suka tsaya a kan cewa hannu ne zai fara jifa, domin ɗalibi ya san abin da na'urar ke kwaikwaya kafin ya amince da ita. Wannan tsari ya dace da makarantun Najeriya, inda manhajar WAEC ta ƙunshi yiwuwa ta gwaji da ta nazari, kuma yawancin kalkuletocin Casio da ɗalibai ke riƙewa suna ɗauke da maɓallin Ran#, wanda ya wadatar a gudanar da darasin.