Garka, Akuya da Kyanwar Maƙwabci: Tsohon Hukuncin Damagaram

Ƙasar da ta miƙa daga Zinder zuwa Zermu ƙasa ce mai dutse a ƙarƙashinta, ruwan samanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, don haka duk inda aka sami damshi kusa, wurin ya zama dukiya. Lokacin da matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, abin da ya ja hankalinsa shi ne ruwan da ke kwance kusa tsakanin duwatsun garin, wanda ya raya gonakin taba da itatuwan dabino. Garake na Mirya, dabinon Gidimuni da raken kwarin Korama duk a kan irin wannan damshi suka tsaya. Mutumin da ya ja ruwa da guga ya shayar da fangali ɗaya bayan ɗaya ba ya ɗaukar ɓarnar dabba da wasa, shi ya sa tun da daɗewa mutanen Damagaram suka san wanda alhakin ɓarna ke kansa. A yau ƙorafi ya sauya kama. Mai 'yar garka a cikin gida yana tashi da safe ya tarar kyanwar maƙwabci ta tone masa shuka ta binne kashi, wasu har su kai ga ajiye guba. Ni ina ganin tsohon tsarin ƙasar nan ya riga ya yanke wannan magana, kuma hukuncinsa, wato tsaron fangali daga kyanwa aikin mai fangali ne, ya fi adalci ko da bai yi wa mai garka daɗi ba.

Damagaram ta taso ne a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, kuma daga can ta gaji malamai da alƙalai masu hukunci da mazhabar Malikiyya. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa a shekarun 1850 ya kuma yi mulki har 1884, littattafan da almajiri ke tashi da su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik a samansu. Hukuncin ɓarnar dabba a cikinsu a fili yake. Abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, masu su ne za su biya. Abin da suka ɓata da rana, babu biya, domin da rana mai gona ne ya kamata ya tsare gonarsa. Tushensa shi ne shari'ar taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga lambun wani a Madina, kuma Alƙur'ani ya kawo makamancinsa a suratul Anbiya, inda Annabi Dawuda da Annabi Sulaiman suka yi hukunci kan tumakin da suka kwana suna kiwo a gonar mutane. Wannan rabon alhaki ya dace da rayuwar ƙauye ƙwarai. Da magariba akuya ta koma turke, saniya ta koma garke, wanda ya bar tasa a sake ya san abin da ke jiransa gaban mai gari. Da rana kuwa shinge ne ke magana: darnin kara, zana, ƙayar magarya da ta aduwa, ko jerin aguwa da ake dasawa ta zama katanga mai rai wadda dabba ba ta ci. Wanda bai yi shinge ba, ƙararsa ba ta da ƙarfi.

Kyanwa ce ta ƙi shiga wannan ma'auni. Da dare take yawo, daidai lokacin da shari'a ta ce mai dabba ya tsare dabbarsa, kuma ita ba ta ɗauruwa. Ba ta da turke, ba ta bin makiyayi, katangar da ta gagari ɗan akuya ita tsalle ɗaya take yi mata. Kulle ta ma abin tsoro ne ga Musulmi, saboda hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Malaman Malikiyya na farko sun tattauna irin wannan matsala a kan halittun da ba sa tsaruwa, kamar zuma da tattabaru da kaji. Asbag ya tafi a kan cewa ba a hana mutum ajiye su, masu shuka ne za su kare shukarsu. Muɗarrif, wanda Ibn Habib ya goya wa baya, ya ce a hana idan suna cutar da mutane. Al'adar ƙasar Hausa a aikace ta bi ra'ayi na farko, kowa ya ga yadda kaji da zabi ke yawo gida-gida ya san haka. Game da kyanwa kuwa akwai dalilin da ya fi na kaza ƙarfi. Kaza mai ita kaɗai take yi wa ƙwai, amma kyanwa ba ta tambayar rumbun wane ne kafin ta kama kusu. A ƙasar da gero ɗaya na damina ɗaya zai riƙe gida har wata damina, a Zinder, inda a da unguwar Zango ta cika da ɗakunan ajiyar fatake masu jiran ayarin Agadas da na Kano, dabbar da ke tsaron hatsin unguwa baki ɗaya ta unguwa ce baki ɗaya. Wanda ya ci moriyar yawonta na dare bai kamata ya nemi diyyar wannan yawon ba.

Abin da ya sauƙaƙa wannan hukunci a da shi ne garka da kyanwa ba sa kwana wuri ɗaya. Garka tana bakin tabki ko fadama, bayan gari, kyanwa tana cikin gari inda rumbu da madafa suke. Inda suka haɗu kuma, mai garka yana da maganin abin a hannunsa. Kyanwa ƙasa mai laushi, busasshiya, wadda aka tona kwanan nan take nema, don ta tona ta rufe. Fangalin da aka yi wa ban ruwa da yamma ba ya yi mata daɗin taka. Wanda aka shimfiɗa wa rassan ƙaya ko karan gero a jere, kamar yadda ake yi don kaji kada su tsince iri, ba ta samun wurin tsugunawa a cikinsa. Da ganye ya rufe ƙasa, ta daina zuwa. Kwanakin haɗari kaɗan ne, tsakanin shuka da rufewar ganye, kuma ƙayar da za ta rufe fangali goma ba ta kai ta shingen gefe ɗaya ba.

Abin da ya canza shi ne gari. Bayan yaƙin Tirmini a 1899 Faransawa suka kama Zinder, suka mai da ita hedikwatar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan tashinsu. A zamaninsu salati da kabeji da karas suka yaɗu. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa a kan noman rani, garake suka ƙaru ko'ina. Daga baya famfo ya shiga gidaje, aka daɓe tsakar gida da siminti, zogale da tumatir da salati suka shigo bayan ɗaki. A unguwar da aka daɓe, ɗan fangalin nan shi ne kaɗai ƙasa mai laushi da ta rage wa kyanwa. A nan mai ƙorafi yake da hujjar da ba za a raina ba. Zai ce hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa bakin kyanwa da sauran ruwan da ta sha ya tsarkake, amma kashinta najasa ne a mazhaba. Zai ƙara da cewa likitoci sun gano cuta a cikinsa. Gaskiya ne. Ƙwayar Toxoplasma, wadda Nicolle da Manceaux suka fara gani a Tunis a 1908, a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa. Tana iya yin watanni da rai a ƙasa mai damshi, kuma tana iya cutar da ɗan da ke cikin mace mai juna biyu. Kakanninmu miyar kuka da kuɓewa da yakuwa suke dafawa su tafasa, mu kuwa ɗanyen salati muke ci. Sai dai wannan hujja, idan aka bi ta har ƙarshe, wajen mai garka take komawa. Ƙwayar ba ta zama mai harbi sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, don haka wanda ya kwashe shi kowace safiya, ya wanke hannu, ya wanke ganye sosai, ya rage haɗarin ƙwarai. Kuma ko an kori kyanwar maƙwabci, muzurun kasuwa da ba shi da mai shi yana nan. Ƙaya a kan fangali tana hana duka biyun, ƙara gaban mai unguwa ɗaya kaɗai take kamawa.

Akwai wanda zai ce wannan ya sauke wa mai kyanwa kaya gaba ɗaya, alhali ƙa'idar da ke hana cuta da cutarwa ita ma tana cikin Muwaɗɗa. Ban ce an sauke masa ba. Tun da ma al'ada ta bambanta kyanwar da ke wucewa da muzurun da ya saba cin 'yan tsaki, wanda alƙawarin mai shi ya zama tuban muzuru. Idan aka yi wa mutum kashedi a gaban dattawa ya yi biris, malamai suna ɗora masa biya kamar mai mugun kare. Haka nan wanda ya tara kyanwoyi a gidan siminti bai ciyar da su ba, ra'ayin Muɗarrif yana jiransa. Haƙƙin da ke kansa a zamanin nan ba mai nauyi ba ne: ya ciyar da ita, ya zuba mata tulin rairayi a lungun gidansa yana sauyawa, domin kyanwar da ta sami wuri a gida ba ta cika zuwa nesa ba. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne da ake nema da sallama da kyakkyawar magana, bai kai matsayin diyya ba. Ko a Ingila, inda ake son lambun fure, dokar dabbobi ta 1971 ba ta sa kyanwa cikin dabbobin da ake biyan ɓarnar kutsensu ba, saboda dalilin da malamanmu suka gani: ba a ɗora wa mutum tsaron abin da ba ya tsaruwa. Dokokin Nijar na karkara, ta 1993 da ta kiwo ta 2010, domin garke da gona da burtali aka yi su, maganar kyanwa tana hannun mai unguwa da limami. Guba ce kawai ba ta da gurbi ko'ina a cikin wannan tsari. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera aka jefa bayan katanga yana kashe kyanwa da kazar da ta tsattsage shi da angulun da ta sauka a kan mushen, yana kuma cikin isar yaron da ke rarrafe. Unguwar da aka kashe kyanwoyinta, kusu ne ke cika rumbunanta kafin kaka ta zagayo, har da rumbun wanda ya ajiye gubar.