Daga Tsaunukan Yorro zuwa Gadar Nukkai: Giɓin da ke Cikin Binciken Tsaunukan Taraba

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin duwatsun da suka kewaye Jalingo da ambaliyar da kan afka wa unguwar Nukkai. Ta nuna cewa binciken ilimi a kan tsaunukan Taraba ya yi nisa a Mambila da Gashaka, amma duwatsun da ruwan babban birnin jihar ke gangarowa daga kansu ba su samu irin wannan kulawa ba. Ta ja kunne game da ɗora wa manomin kan dutse laifi kafin a yi awo, sannan ta fayyace abin da ya kamata a fara aunawa.

Gabatarwa

A watan Agusta na shekarar 2005 kogin da ya ratsa Nukkai ya yi cikar da ta karya gadar da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, aka yi asarar rayuka masu yawa. Har yau, da zarar damina ta yi nisa, hankalin mazauna bakin kogin ba ya kwanciya. Idan aka zauna neman dalili, abubuwa uku ake yawan kawowa: an yi gine-gine a kan hanyar ruwa, shara ta toshe magudanai, kuma kwalbatoci sun yi wa ruwan kaɗan. Babu na musantawa a cikinsu. Sai dai dukansu bayani ne a kan abin da ruwa ya tarar bayan ya iso gari. Ba su ce komai ba game da inda ya fito, da saurin da ya zo da shi, da yashi da lakar da ya kwaso a hanya.

Kogin Lamurde daga tsaunukan Yorro yake tasowa, ya haɗu da Mayo Gwoi a Jalingo, ya bi ta Nukkai ya nufi Binuwai. Matsayar wannan maƙala ita ce, ambaliyar Nukkai tambaya ce ta ilimin tsaunuka, kuma ba za a amsa ta ba sai an ɗauki kwarin kogin gaba ɗaya, daga mafarinsa har zuwa gada, a matsayin fagen bincike guda.

Tushen Fannin

Nazarin tsaunuka bai daɗe da zama fanni mai cin gashin kansa ba. A 1981 aka fara buga mujallar Mountain Research and Development, a 1983 kuma aka buɗe cibiyar ICIMOD a Katmandu ta ƙasar Nefal domin nazarin tsaunukan Himalaya. Taron muhalli na duniya da aka yi a Riyo ta Barazil a 1992 ya keɓe wa tsaunuka babi na 13 a cikin kundin Ajanda 21, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2002 a matsayin shekarar tsaunuka, daga baya aka tsayar da 11 ga Disamba ta zama ranarsu. Ginshiƙin fannin shi ne tsauni ba ya rabuwa da kwarin da ke ƙarƙashinsa. Ruwa da ƙasa da itace da abinci suna saukowa. Kasuwa da doka da buƙatun birni suna hawa. Wanda ya nazarci ɓangare ɗaya ya bar ɗayan, rabin labari ya ji.

Abin da Aka Cim ma a Mambila da Gashaka

Babu jihar da ta kai Taraba dacewa da wannan fanni a Nijeriya. A cikinta ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a ƙasar, mai mita 2,419. A cikinta ne tsaunin Mambila yake, da mafi yawan gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Kogunan Donga da Taraba, waɗanda ke ƙara wa Binuwai ƙarfi, daga waɗannan tuddai suke fitowa.

Masana sun daɗe suna hawa can. Farnham Rehfisch ya nazarci zamantakewar Mambilawa a shekarun 1950. J. D. Chapman ya zagaye dazuzzukan yankin a shekarun 1970 yana tattara bayanan itatuwa, kuma ’yarsa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan ta ɗora daga inda ya tsaya, ta kafa tashar bincike a dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. A Gashaka, Volker Sommer na wata kwalejin jami'a a Landan ya fara aikin nazarin manyan birai a shekarar 2000.

Abin koyi a Ngel Nyaki shi ne tsarin aikin. An shata fili mai kimanin hekta 20 a cikin dajin, aka bi kowace bishiya da kaurinta ya kai santimita ɗaya, aka auna ta da tef, aka liƙa mata lamba, aka rubuta sunanta da gurbin da take. Bayan ’yan shekaru a koma a sake aunawa: wacce ta ƙaru, wacce ta mutu, wacce ta tsiro. Yawancin masu wannan aiki ’yan ƙauyukan yankin ne da aka horar. Da haka ake sanin ko daji yana ci gaba ko yana ja baya, ba da zato ba.

Dalilin da ya sa bincike ya karkata can a fili yake. Kuɗin da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan ayyuka daga waje yake zuwa, kuma masu bayarwa sun fi damuwa da tsirrai da dabbobin da ba a samunsu a ko'ina. Hankalin gwamnati kuma yana kan shayin Kakara, da shanu, da duwatsu masu daraja, da aikin wutar lantarki na Mambila da aka shafe shekaru ana jira. Wannan ba laifi ba ne. Illarsa kawai ita ce dutsen da ba shi da biri mai wuyar samu, ba shi da ma'adini, ba ya shiga jerin abin bincike, ko da kuwa dubban mutane na kwana a ƙarƙashinsa.

Duwatsun da ke Bakin Ƙofa

Jalingo tana zaune ne a gindin tsaunukan Shebshi. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta a 1893, bayan ya ci garin Kona da taimakon makaman Bafaranshen nan Louis Mizon. A wancan zamani duwatsu mafaka ne ga Mumuye da Jukunawan Kona. Da yaƙe-yaƙe suka lafa, jama'a suka riƙa saukowa fili, noma ya bazu. Sauyi mafi girma ya zo ne a ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zama babban birni. Birni mai bunƙasa yana cin itacen girki da gawayi da tsakuwa da yashi da doya, kuma daga maƙwabtan tuddai yake samun mafi yawansu. A tsakiyar shekarun 2010 kuma saran madobiya domin kai wa Sin ya ratsa sassan jihar, har ta kai ga an sa bishiyar a ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES a 2017.

Yadda wannan ke shafar ruwa ba ɓoyayye ba ne. A gangaren da ke da ciyawa da ganye, ɗigon ruwa yakan rage ƙarfi kafin ya taɓa ƙasa, saiwoyi su buɗe masa hanya ya nitse, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin rafi a hankali har bayan damina. A gangaren da aka sare aka ƙone, ɗigon yana dukan ƙasa kai tsaye, ya toshe ƙofofinta, ruwan ya malale a sama yana ɗibar turɓaya. Ƙananan rafuka su cika a lokaci guda, su juye wa babban kogi. Da ya iso fili kamar na Nukkai sai gudunsa ya ragu, ya sauke yashin da ya ɗauko, cikin kogin ya cike, ruwan gaba ya rasa wurin zama ya haura gaɓa. Wannan yashin ne tifofi ke kwasa da rani, a daidai lokacin da masu lambu ke ban-ruwa a fadamar. Ke nan mai tifa da mai lambu da mai gida a bakin kogi duk abin da ya faru a kan dutse yana taɓa su, kowa ta fuskarsa.

Darasin Himalaya

A nan ne ya kamata mai bincike ya yi taka-tsantsan, domin bayanin da ke sama yana da sauƙin karɓa, kuma ya taɓa yaudarar masana. A shekarun 1970 ra'ayi ya yaɗu, musamman bayan littafin Erik Eckholm na 1976, cewa talakawan manoman Nefal ne ke sare dazuzzuka suna jawo ambaliya a Indiya da Bangaladash. An gina manufofi a kan wannan ra'ayi. A 1989 Jack Ives da Bruno Messerli suka fitar da littafin da ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna alƙaluman ba su tabbatar da zargin ba, kuma manoman da ake tuhuma su ne ma ke gyara gangaren da ya zabtare. A 2005 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken dazuzzuka ta CIFOR suka fitar da rahoton da ya nuna cewa daji yana rage ƙananan ambaliya a ƙananan kwaruruka, amma idan aka kwana ana ruwa ƙasa ta ƙoshi, babu dajin da zai tare babbar ambaliya a babban kwari.

Abubuwa biyu suka fito daga nan. Na farko, kwarin Lamurde ƙarami ne, saboda haka yana cikin rukunin da yanayin gangare zai iya yin tasiri na gaske. Na biyu, girman tasirin ba a sanin sa sai da awo. Mai yiwuwa saran itace ne ya fi yawan laifi. Mai yiwuwa ginin da ya matse kogi ne a cikin gari. Mai yiwuwa yanayin saukar ruwan ne ya sauya. Kowanne da maganinsa daban, kuma kuskuren ganewa yana da tsada: a hana manomi gonarsa, ambaliya kuma ta ci gaba.

Bai kamata kuma a ɗauka mutumin dutse bai san ƙasarsa ba. Robert Netting ya nuna a littafinsa na 1968 yadda Kofyar na ƙasar Filato ke jera duwatsu a gangare, suna zuba taki, suna noma wuri ɗaya shekara da shekaru ba tare da ƙasa ta gaji ba. Irin wannan hikima na cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya Sukur ta Jihar Adamawa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Manomin doya na ƙasar Mumuye, wanda ya san yadda ake tada kunya a kan gangare, abokin bincike ne kafin ya zama abin bincike.

Abin da Ya Kamata a Auna

Aikin bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke akwai ba. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, a cikin Jalingo take, kuma malamanta na sashen labarin ƙasa sun yi rubuce-rubuce a kan ambaliyar garin. Akwai Jami'ar Tarayya ta Wukari, da asusun TETFund, da hukumar yanayi ta NiMet, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama da ke Yola, ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya wanda aka tsara shi a kan kula da kwaruruka. Abin da ake nema shi ne a haɗa ƙarfi a kan awo mai ɗorewa a wuri guda.

A kafa ma'aunan ruwan sama a makarantun ƙauyukan da ke saman kogin, malami ya riƙa karantawa kowace safiya yana rubutawa. A zana ma'aunin tsayin ruwa a jikin ginshiƙin gadar Nukkai da ta Mayo Gwoi, a riƙa ɗaukar lamba safe da yamma. A riƙa ɗibar ruwan kogi a kwalba bayan kowane babban ruwa, a tace a auna lakar da ke ciki. A kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda ake samu kyauta kuma sun faro tun daga shekarun 1970, domin ganin yadda gangaren ya sauya. A haɗa da binciken kasuwa: buhun gawayi nawa ke shiga Jalingo, daga ina, wa ke cin ribar, kuma me mai sara zai koma yi in an hana shi.

Amfanin farko zai zo da wuri. Da zarar an san awa nawa ruwa ke ɗauka daga Yorro zuwa Nukkai, kiran waya ɗaya daga sama ya isa a sanar da mutane su kauce. Amfani na biyu shi ne adalci. A Kenya an kafa asusun ruwa na saman kogin Tana a 2015, inda masu amfani da ruwa a Nairobi ke tallafa wa manoman tudu su kare gonakinsu daga zaizaya. Idan awo ya tabbatar cewa kula da gangaren Yorro yana kare Jalingo, to birni ne ya kamata ya ɗauki wani kaso na nauyin. Sakamakon kuma kada ya tsaya a mujallun Turanci. A kai shi gidajen rediyo da fadar masu unguwanni da Hausa da Fulatanci da harshen Mumuye.

Kammalawa

Ayyukan Ngel Nyaki da Gashaka sun tabbatar da cewa ana iya yin bincike mai dogon zango a tsaunukan Taraba, kuma ’yan ƙasa na iya riƙe shi. Darasin Himalaya ya nuna haɗarin yanke hukunci kafin a auna. Abin da ya rage shi ne a kawo wancan tsari kusa da gida. Ana kira ga Jami'ar Jihar Taraba da ta ɗauki kwarin Lamurde a matsayin fagen bincikenta na dindindin, gwamnatin jiha kuma ta sa kuɗin awon a cikin kasafinta na kowace shekara, tun kafin wata daminar ta kama.