Efua Sutherland, matar da ta gina wa Gizo ɗaki

A ƙasar Hausa, in dare ya yi aka ce "ga ta nan ga ta nanku", yara sun san Gizo ne zai fito da wayonsa da kwaɗayinsa. Kabilun Akan na ƙasar Gana su ma suna da nasu Gizon, sunansa Ananse, kuma halinsu ɗaya da namu. Sai dai su sun dace da wata mata da ta ɗauko tatsuniya daga tsakar gida ta kai ta dandali, ba tare da ta raba ta da masu ita ba. Sunanta Efua Sutherland. Tarihinta nake son kawo wa mai karatu daga nan Cirozerin inda nake koyarwa, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

An haife ta a Cape Coast ranar 27 ga Yuni 1924, lokacin ƙasar tana hannun Ingila. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, kakarta ce ta rene ta. Ta yi karatu a makarantar St Monica ta sistocin cocin Angilika, ta kuma fara koyarwa a hannunsu a Mampong, cikin ƙasar Asante. A 1947 ta tafi Ingila ta shiga kwalejin Homerton a Kambirij, sannan ta wuce Landan nazarin harsunan Afirka, ta komo gida a 1951. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaron Gana yana karatu da littafin da babu shi a ciki, babu garinsu, babu wasansu. Duk malamin da ya taɓa bayyana wa ɗan Abzin ma'anar dusar ƙanƙara daga littafin Faransanci ya san wannan ciwo.

A 1954 ta auri Bill Sutherland, baƙar fatar Amurka mai ra'ayin haɗin kan Afirka, suka sami ƴaƴa uku. Zaman bai ɗore ba, ya koma Tanganyika a 1963, ita kuwa ta ci gaba da riƙon yara a Akra, a gidan da ta raɗa wa sunan kakarta, Araba Mansa. Gidan nan ya zama masaukin marubuta da ɗalibai da baƙi. Ke nan ba ta bar gida don aiki ba, ba ta kuma bar aiki don gida ba.

Gana na samun ƴancin kai a 1957 ta taimaka aka kafa ƙungiyar marubuta, a 1958 ta tara ƴan wasan gwaji, a 1961 kuma Kwame Nkrumah ya buɗe gidan wasanta, Ghana Drama Studio. Ba a gina shi kamar na Turawa ba, inda ƴan kallo ke zaune cikin duhu sun yi tsit. Fasalin tsakar gida aka yi masa, a buɗe, don mai wasa da mai kallo su ga juna. Dalili kuwa, a tatsuniyar Akan masu saurare sukan katse mai ba da labari da waƙa, kamar yadda yaranmu ke amsa waƙar da ke tsakiyar tatsuniya. A kan wannan ta ɗora wasanta da ya fi suna, The Marriage of Anansewa, wanda aka buga a 1975. A ciki talauci ya sa Ananse ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin ƴarsa ɗaya, yana ta karɓar toshi, har rana ta matso ya rasa mafita sai ya ce ta mutu, don a gane mai son ta da gaske. Ana dariya, amma maganar uban da ya mai da ƴarsa haja ake yi. A Edufa kuma, na 1967, attajiri ne ya nemi asirin tsawon rai, mutuwar ta faɗa kan matarsa.

Wasan da ya fi kusa da mu shi ne Foriwa, wanda aka fara nunawa a 1962. Gari ne ya tsufa ya lalace, dattawansa suna ta kirarin kakanni ba sa gyara kome. Wanda ya motsa shi baƙo ne daga arewa, mai ilmin jami'a, mai sunan Hausawa, Labaran, wanda ƴan gari suka fara yi wa kallon raini. Da shi da Foriwa, ƴar sarauniyar garin, suka haɗa hannu. Ga mace Kirista ƴar bakin teku ta ɗora fatan garinta a kan baƙon arewa, shekara biyar kacal bayan ƴancin kai. Ba ta mai da dandali wurin wa'azin addininta ba. Addinin ya bayyana ne a hidimarta ga mutane, irin wadda muka sani a nan Cirozerin, inda makarantar mishan da ɗakin shan maganinta suka daɗe suna karɓar ƴaƴan makiyaya.

Ba ta tsaya birni ba. A shekarun 1960 ta haɗa kai da mutanen ƙauyen Atwia suka gina Kodzidan, wato ɗakin tatsuniya, inda manoma da tsofaffi su ne ƴan wasa. Daga 1983 zuwa 1990 ta shugabanci hukumar kula da yara ta ƙasa, ta yi ta faɗi-tashin samar musu filayen wasa da ɗakunan karatu. A 1990 Gana ta zama ƙasa ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara. Amma tana raye aka rushe gidan wasanta don a gina babban gidan wasan ƙasa, aka yi kwatankwacinsa a jami'ar Legon. Ta rasu a Janairu 1996. Bayanta ƴaƴanta suka riƙe aikin a gidauniyar Mmofra, kalmar da ke nufin yara.

To, mu fa? Arlit garin baƙi ne tun kafuwarsa a 1969 saboda uraniyum. SOMAIR ta fara aiki a 1971, COMINAK a 1978, kwal ɗin Anu Araren da SONICHAR ke haƙowa a nan shi ya riƙa ba su wuta. Daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso mutane suka zo suka zauna da Abzinawa. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, aka tuna cewa rami yana da ƙarshe. An yi maganar diyya da gyaran wurin haƙa, amma ƙalilan ne suka tambayi abin da zai haɗa yaran da aka haifa a nan, masu jin Tamashek da Hausa da Zabarmanci, su ji garin nasu ne.

Ba mu rasa tushe ba. Wasannin samariya na zamanin Seyni Kunce da na ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram sun nuna cewa Banijare yana son ganin kansa a dandali. Abin da ya rage shi ne mai tsayuwa irin ta Efua. Farkon aikin kuma ba ya bukatar siminti. Kowane ɗalibi ya rubuto tatsuniya ɗaya daga bakin kakarsa, ta Gizo ce ko ta dilan Abzinawa, mu malamai mu taimaka a mai da ita wasa a filin makaranta, a gayyato tsohuwar ta zauna gaba ta gyara mana inda muka kuskure. Tsofaffin nan ba za su jira mu har abada ba.