Abin da Ƙasa ta Ajiye da Abin da ta Cinye: Saƙar Minjibir a Idon Masu Tonon Tarihi

Duk wanda ya shiga gidan ajiye kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe cikin 1952, zai yi tsammanin mutanen dā ba su ƙware ga kome ba sai ginin yumɓu da ƙira. Dalili kuwa a fili yake. Ƙasa ba ta ajiye kome sai abin da ya gagare ta ci. Kan mutum-mutumin Nok da aka kawo wa Bernard Fagg cikin 1943 ya yi fiye da shekara dubu biyu a binne, amma da aka wanke shi sai ga ido da hanci da kitso kamar jiya aka gasa. Haka kashin tama na gindin Dala ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7.

To, sai dai sana'ar da ta fid da sunan Kano ba ƙira ba ce, tufa ce. Sa'ad da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya kimanta kuɗin tufafin da a ke fita da su kowace shekara, ya ce ba su kasa wuri miliyan 300 ba, suna kaiwa Tumbuktu da Murzuk da Tarabulus. Ya kuma lura ba a manyan gidajen aiki irin na Turai a ke yinsu ba, a gidajen talakawa ne. Watau galibin wannan dukiya daga ƙauyuka ta fito, irin su Minjibir, inda har yanzu a ke kafa masaƙa da rani bayan an kau da amfanin gona. Mace ta kaɗa zare da mazari, namiji ya saƙa sawaye, marini ya tsoma, mabugi ya buga. Ina shaidar wannan duka a ƙarƙashin ƙasa? Gara da damina sun gama da ita. Masaƙar kanta itace ce da zare, in aka bar ta shekara biyu a kufai ko alamarta ba a gani.

A wurare kaɗan ne tufa ta tsira, kowanne kuwa da dalilinsa. A Masar bushewar kaburbura ce ta tsare lilin. A Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya yi tono cikin 1959 da 1960, tsatsar tagulla ce ta hana ƙyallayen da ke manne da ita ruɓewa. Amma wanda ya fi shafarmu shi ne na kogunan dutsen Bandiyagara a ƙasar Mali, inda aka sami riguna da huluna da barguna na mutanen Tellem, waɗansu tun na ƙarni na 11. Sawaye ne ƙanana aka harhaɗa, an rina waɗansu da baba, kusan yadda masaƙin Minjibir ke yi. Wannan bai tabbatar da cewa ana saƙa a ƙasar Kano a lokacin ba, kada a yi gaggawa. Ya dai nuna irin wannan saƙa tsohuwa ce ƙwarai a Afirka ta Yamma.

A ƙasar Hausa kuwa babu abin da ya kai Durbi Takusheyi, ta wajen Mani a ƙasar Katsina. Palmer ya fara tona tuddan cikin 1907, aka sake tona uku cikin 1992, aka kai kayan Mainz ta Jamus aka gyara. An sami 'yan kunne na zinariya, da warwaron hauren giwa, da wuri, da tasar tagulla wadda aka ƙera a gabas, a ƙasashen Musulmi. Masu kaburburan sun yi zamani tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Kayan sarakuna ke nan, suna gaya mana abin da aka sayo daga nesa. Ba su gaya mana abin da talaka ya yi da hannunsa aka biya kuɗinsu da shi ba.

A ganina, mai neman tarihin saƙa ya bar neman riga, ya nemi abin da ya kewaye ta. Gululun mazari yumɓu ne gasasshe, ba ya ruɓewa, yawansa a kufai zai nuna yawan kaɗi. Ramin marina kuma da laso a ke shafe shi, watau katsi da aka ƙona aka kwaɓa da gashin dabba, yana iya daɗewa bayan an manta da sunan masu shi. Marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero ya kawo hujja cewa a manyan tukwane aka fara rini, ramukan laso daga baya suka yaɗu, su ne suka sa aikin ya bunƙasa cikin ƙarni na 19. In haka ne, shekarar 1498 da a ke danganta wa ramukan Ƙofar Mata tana bukatar awo, ba maimaitawa ba.

Wahalar ita ce ƙasar Minjibir ba ta hutawa. Mutane sun yi yawa, kowane taƙi ana nomansa shekara da shekara, garma tana farfasa katanga tana watsa ta, tsofaffin ramukan marina kuma ana cike su da shara ko a yi gini a kansu. Malaman makarantun horon malamai su ne suka fi kowa kusa da wannan aiki, don almajiransu 'ya'yan waɗannan gonaki ne. Ya isa a fara da littafi guda: sunan kufai, da mai gonar, da yawan ramukan da suka rage, da abin da tsofaffin marina suka ji daga iyayensu game da wanda ya haƙa su.