Mighty Jets ta Jos: Tarihin Ƙungiyar da Ta Haɗa Kan Gari

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk da haka, waiwaye adon tafiya ne. Manufarmu a wannan ɗan taƙaitaccen rubutu ita ce mu waiwayi tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mighty Jets da ke Jos, wadda ta yi tashe a zamanin da ake buga tamaula don sha'awa da kishin gari, tun kafin ta zama sana'ar neman abinci. Abin da muke son nunawa shi ne, labarin wannan ƙungiya labarin garin Jos ne kansa.

Jos da Asalin Ƙungiyar

Jos gari ne da haƙar kuza ta raya. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kafa sansani a kan tsaunukan Filato, jama'a kuma suka yi ta kwararowa neman aiki da kasuwanci. Hausawa da Yarbawa da Ibo da Urhobo, har da mutanen Gana, duk sun zo sun tarar da Birom da Anaguta da Afizere. A irin wannan cakuɗa, ƙwallo ta zama harshen da kowa ke ji. Makarantu da ma'aikatu da unguwanni kowa ya kafa tasa ƙungiya, sanyin garin kuma ya ba yara damar yini a fili ba tare da rana ta galabaitar da su ba.

A 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, wani attajiri mai suna Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa Mighty Jets. Ya tattaro fitattun 'yan wasan garin a inuwa ɗaya, ya ɗauki ɗawainiyarsu daga aljihunsa. A wancan lokaci babu gasar ƙwararru a Nijeriya. Ɗan wasa yakan kasance ma'aikaci ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, sai da yamma ya ɗaura takalmi ya nufi fili.

Shekarar 1972: Zuma da Maɗaci

A 1972 aka fara gasar rukuni-rukuni ta ƙasa baki ɗaya, da ƙungiyoyi shida kacal. Mighty Jets ce ta zo ta ɗaya. Saboda haka duk wanda zai lissafa zakarun wannan gasa, tilas ya fara da sunan Jos kafin ya ambaci Legas ko Ibadan ko Inugu. Wannan nasara ce ta ba ƙungiyar damar wakiltar Nijeriya a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a 1973.

Sai dai a cikin shekarar ce kuma ƙungiyar ta ɗanɗani baƙin cikin da har yau dattawan Jos ba su manta ba. Ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda a lokacin ya fi kowane kofi daraja a idon jama'a, inda ta haɗu da Bendel Insurance ta Binin. A Legas aka tashi kunnen doki, ci 2 da 2. Aka sake karawa a Ibadan, Bendel ta yi galaba da ci 3 da 2. Bayan shekara biyu, a 1974, Jets ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke ta da ci 2 da nema.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen Jos. Tun daga 1951 ƙungiyoyin garin suka riƙa kaiwa bakin gaɓa suna dawowa hannu rabbana, har wasu suka ɗauka asiri ne aka yi wa garin. Sai a 1999 Plateau United ta karya wannan ƙofi, ta kawo kofin Jos. Abin lura a nan shi ne, duk wannan faɗuwa ba ta sa magoya baya sun juya wa Jets baya ba. Rashin ma ya ƙara ɗaure su da ita.

Wasu Daga Cikin Gwanayenta

Ba za a yi zancen Jets ba a ambaci Sam Garba Okoye ba, gwanin yanka da zura ƙwallo a raga, wanda ya buga wa Nijeriya a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko. Ya rasu a haɗarin mota a 1978. Sunansa kaɗai ya isa darasi: ga Sam, ga Garba, ga Okoye, duk a jikin mutum ɗaya, kuma Jos ce ta haɗa su. Akwai Isma'ila Mabo, mai tsaron baya, wanda daga bisani ya horar da ƙungiyar mata ta ƙasa, ya kai ta wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1999 a Amurka. Allah ya yi masa rasuwa a 2023. Akwai kuma Baba Otu Muhammad, ɗan wasan gefe, wanda ya yi fice a gasar cin kofin Afirka ta 1976. Musulmi da Kirista, ɗan ƙasa da baƙo, riga ɗaya suka sa, kuma babu mai tambayar addinin wanda ya ci ƙwallo kafin ya yi tafi.

Dusashewar Tauraro

Me ya sa hasken Jets ya ragu? Dalili na farko shi ne dogaro da aljihun mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar da ba ta da wata hanyar samun kuɗi sai alherin mai ita, ƙarfinta na tafiya ne da ƙarfinsa. Na biyu, a 1990 aka fara gasar ƙwararru, inda albashi da kuɗin sayen 'yan wasa suka zama ma'auni. Ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke riƙe da su suka yi gaba, a Jos kuma Plateau United ta karɓe fage, har ta ci gasar ƙasa a 2017. Na uku, talabijin ta kawo wasannin Turai har cikin unguwa, matasa suka koma gidajen kallo. Sannan rikicin da ya ɓarke a watan Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo bayansa, sun raba unguwannin garin, suka raunana zaman cuɗanyar da ta haifi irin su Jets. Duk da haka rijiyar ba ta ƙafe ba, domin a Jos aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa.

Kammalawa

Mun ga yadda wata ƙungiya ta 'yan sha'awa ta tashi daga garin kuza ta zama zakarar farko ta ƙasa. Abin tsoro shi ne, yawancin wannan tarihi yana cikin kawunan dattawa ne, kuma kullum raguwa suke yi. Muna kira ga ɗalibanmu, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da su ɗauki alƙalami da rikoda su nemi tsofaffin 'yan wasa da magoya baya. Su tattara kirarin da aka yi wa gwanaye, da waƙoƙin 'yan kallo, da laƙabobin da aka raɗa musu, domin duk waɗannan adabin baka ne. Yaran Jos na yau suna da haƙƙin su san cewa iyayensu sun taɓa zama a benci ɗaya suna yi wa riga ɗaya kirari.