Mikrofim da Neman Asalin Zuriya a Kudancin Nijar: Inda Takardu Suke da Yadda Ake Karanta Su

1. Gabatarwa

A ƙasar Hausa tarihin zuriya a baki yake zaune. Tsofaffin gida, musamman mata, su ne ma'ajiyarsa. A gidajen sarauta kuwa maroƙa da makaɗan fada ke riƙe da jerin sunayen sarakuna. Amma idan aka fita daga fada, da wuya a sami magidancin da zai lissafa kakanninsa fiye da hawa uku ko huɗu. Daga nan sai ya ce "daga Gabas muka zo" ko "daga Katsina muka taso", magana ta ƙare. Wannan giɓi ne ke tura masu neman asalinsu zuwa ga takardun zamanin Nasara, waɗanda da yawa daga cikinsu an adana hotunansu a mikrofim.

Al'amarin ya wuce sha'awar sanin kakanni. Dokar 2 ga Maris 1993 da ta kafa ginshiƙan tsarin ƙasar noma ta amince da mallakar gona ta hanyar gado na gargajiya. Dokar 30 ga Maris 1993 a kan sarautar gargajiya, da wadda ta maye gurbinta a 2015, sun ɗora cancantar neman sarauta a kan al'ada, watau a kan jinin gidan. Ke nan takarda guda da wani kumandan ya rubuta a 1912 tana iya shiga shari'ar gona ko takarar sarautar kanto. A cikin wannan maƙala za mu duba inda takardun suke, da abin da suka ƙunsa, sannan mu tsaya a kan matsalar rubutun sunaye, wadda a ganinmu ita ce ta fi ɓatar da masu bincike.

2. Mikrofim da mikrofishi

Mikrofim hoto ne na takarda da aka ƙanƙantar a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 ko 16, aka naɗe a faifai, ana karanta shi da na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma. Mikrofishi kuwa falle ne shimfiɗaɗɗe, milimita 105 a 148, wanda yakan ɗauki shafi 98. Dabarar tsohuwa ce: John Benjamin Dancer ya gwada ta a Ingila a 1839, kuma lokacin da aka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870-1871 René Dagron ya yi amfani da ita wajen aika saƙonni ta tantabaru. Ƙungiyar neman asali ta Utah a Amurka ta fara ɗaukar rajistocin haihuwa da aure da mutuwa a 1938. Magajiyarta, FamilySearch, ta daina aika faya-fayai ga masu karatu a 2017, kuma a 2021 ta sanar da gama mayar da faifai kimanin miliyan 2.4 zuwa hotunan kwamfuta.

Ya kamata a lura cewa hoton da ake gani a kwamfuta sau da yawa daga tsohon faifan aka ciro shi, saboda haka ya gaji duk aibinsa. Shafin da mai ɗauka ya tsallake ya tafi, bayan takarda da bai juya ba ya tafi, kuma jan fensirin da gwamna ya yi sharhi da shi a gefe ya zama toka-toka kamar sauran rubutu.

3. Inda takardun suke

Takarda tana bin hanyar mulki. Rahoto yakan tashi daga barikin kumandan zuwa hedkwatar ƙasa, daga can a taƙaita shi a aika wa gwamna-janar na Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar, daga Dakar kuma zuwa ma'aikatar ƙasashen mallaka a Paris. Hedkwatar kanta ta yi ƙaura: tana Damagaram daga 1911 zuwa 1926, sannan aka mayar da ita Yamai. Har zuwa 1911 kuwa yankin soja na Nijar yana ƙarƙashin Haut-Sénégal et Niger, don haka mai neman shekarun farko kada ya manta da takardun Bamako.

Ma'ajiya uku ne suka fi muhimmanci. Ta farko ita ce Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Yamai, inda rahotannin rangadi da tarihin lardunan da kumandodi suka rubuta suke. Nan ne sunayen ƙauyuka da masu gari suka fi yawa. Ta biyu ita ce ta Senegal a Dakar, wadda ta riƙe takardun gwamna-janar bayan samun mulkin kai. A cikinsu rukunin 2G na rahotannin wata-wata da na shekara ne, 11G na harkokin siyasar Nijar, 19G na harkokin Musulunci, K kuma na bauta da aikin tilas. Ta uku ita ce ma'ajiyar Aix-en-Provence a Faransa, wadda aka buɗe a 1966. An ɗauki wani ɓangare na takardun Dakar a mikrofim, ana samun sa a Aix a ƙarƙashin lambar 14 MIOM, a Paris kuma 200 MI. Jagorar da Saliou Mbaye ya wallafa a 1990 a kan takardun na Dakar ita ce ƙofar shiga.

Ƙa'idar da za a riƙe a nan ita ce: gwargwadon yadda takarda ta yi nisa da ƙauye, gwargwadon yadda sunayen talakawa ke zubewa daga cikinta. Abin da ya isa Dakar sunayen sarakuna ne, da manyan malamai, da waɗanda suka yi wa Nasara tawaye.

Bugu da ƙari, iyakar da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka shata ta raba gidaje biyu. Mutumin Maraɗi ko Tibiri ko Magarya na iya samun rabin labarinsa a rahotannin haraji na Ingilishi da ke ma'ajiyar Kaduna. Rubuce-rubucen Larabci da ajami kuwa, irin wasiƙun sarakuna da silsilar malamai, akwai su a sashen da ke kula da su a cibiyar IRSH ta Yamai, wanda tarin Bubu Hama ya zama tushensa, da kuma mikrofim ɗin da jami'o'in Ibadan da Zariya suka fara ɗauka a shekarun 1960.

4. Takardun da suka fi amfani

Mai neman rajistar haihuwa irin ta Turai zai sha mamaki. Rajistocin farko na Turawa ne da ƴan ƙalilan masu matsayin ɗan ƙasar Faransa. Dokar 1933 ta shigo da wasu rukunoni, kamar ma'aikata da sojoji da sarakuna, ta 1950 ta faɗaɗa abin ga mazauna kusa da cibiyoyin rajista. Shi ya sa takardun iyayenmu da yawa ke ɗauke da "né vers", watau an haife shi wajajen shekara kaza, kuma hukuncin alƙali ne ya tsaya a madadin takardar haihuwa. Irin wannan shekara ƙiyasi ce, wani lokaci an rage ta don yaro ya shiga lakwal, wani lokaci an ƙara don saurayi ya sami aiki.

Takardun da suka fi ba da sunaye su ne: littattafan ƙidaya na lanho, inda ake rubuta mai gida da yawan mutanensa da dabbobinsa, takardun bayanin sarakunan kanto, masu ɗauke da asalin sarki da ƴaƴansa da abokan takararsa, hukunce-hukuncen kotunan ƴan ƙasa a kan gado da aure da gona, da takardun tsofaffin soja, waɗanda ake nema a cibiyar Pau a Faransa. Akwai kuma bayanan tarihi da tafinta Landeroin ya tattara lokacin aikin shata iyaka na Tilho (1906-1909), aka buga a 1911, masu jerin sarakunan ƙasashen da ke tsakanin Kwara da Tafkin Cadi.

Dole a tambayi kowace takarda dalilin da ya sa aka rubuta ta. Ƙidaya don haraji da aikin tilas da ɗibar soja aka yi ta, saboda haka mai gida mai hankali yakan ɓoye samari. Sunan da ya ɓace daga littafi bayan yunwar Kakalaba ta 1913-1914 yana iya nufin mutuwa, yana kuma iya nufin gudu zuwa ƙasar Ingilishi.

5. Matsalar sunaye

Magatakardan bariki da kunnen Faransanci ya saurari Hausa, galibi ta bakin tafinta. Abu na farko da ya faɗi shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ sun koma b da d da k, ba a nuna tsawon wasali, ba a nuna karin sauti. Na biyu, "ou" na tsayawa a madadin u da w, "tch" a madadin c, "dj" a madadin j, "ss" a madadin s. Ta haka Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Ciroma ya zama Tchiroma. Na uku, bambancin f da h na karin harshen Yamma ya sa ana iya rubuta mutum guda Issoufou a wannan shafi, Issouhou a wancan. Mai bincike ya kamata ya riƙa furta sunan a fili yadda Bafaranshe zai karanta shi, sannan ya tambayi kansa wace kalmar Hausa ce ke bayan wannan sauti.

Matsala ta biyu daga al'adarmu take. Bahaushe yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan rana, da sunan da alkunya ta sa uwa ko mata ke kiransa da shi. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Bukar a Damagaram. Muhammadu na fitowa a matsayin Mahamane ko Mamane, Ibrahim kuma Iro ko Ibro. Sunaye irin Tanko da Kande suna da amfani na musamman, don suna nuna cewa an haifi namiji bayan mata ko mace bayan maza.

Kalmar "dan" ta fi kowace haɗari. Tana iya nufin ɗan wane, kamar yadda Bafaranshe ya ɗauka kullum. Tana iya nufin mutumin gari kaza. Tana iya zama sunan rana, kamar Ɗanladi. Tana iya zama sarauta, kamar Ɗan Galadima. Wanda ya ɗauki Ladi ko Galadima a matsayin sunan uba ya ƙirƙiro kakan da bai taɓa rayuwa ba. Haka nan sarauta kan rikiɗe ta zama suna: "Kaoura Assao" na takardun Faransa shi ne Ƙaura Hasau na Maraɗi, kuma Ƙaura muƙamin shugaban yaƙi ne da mutane da yawa suka riƙe.

Damagaram ta ba mu misali mai kyau. A 1899 sarakuna biyu masu suna Amadu sun bi juna: Amadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka ci da yaƙi a Tirmini aka kashe shi a wannan shekara, da Amadu ɗan Basa, wanda suka naɗa, sannan suka tuɓe a 1906 bisa zargin makirci suka kai shi Kodebuwa. Daga nan aka dakatar da sarautar har 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa. Duk takardar da ta ce "Amadou, sultan de Zinder" sai an duba kwanan watanta kafin a san wanda take nufi. Idan haka ta faru ga sarakuna, ina ga talakawa?

6. Tsarin aiki

Shawararmu ita ce a fara daga gida. A zauna da tsofaffi, a rubuta kowane suna da dukan laƙubbansa, da sunan ƙauye na da da na yanzu, da sunan sarkin da ke mulki, da abin da ya faru a lokacin. Tsoho ba zai ce 1945 ba, amma zai ce shekarar da ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi aka hau tudu. Ba zai ce 1946 ba, amma ya san shekarar da aka bar aikin tilas. Da waɗannan turaku ake gane kanto da lardi da shekarun da za a nema, domin takardun bisa wuri da shekara aka jera su, ba bisa sunan mutum ba. A gaban na'ura kuma a rubuta lamba biyu, ta faifai da ta ainihin kundin, a kwafe sunan harafi da harafi yadda yake, a ajiye fassararsa ta Hausa dabam. Littattafan André Salifou a kan Damagaram (1971) da Djibo Hamani a kan Adar (1975) sun nuna yadda ake gwama baki da takarda, kowanne yana gyara ɗan'uwansa.

Akwai kuma amana. Rukunin K da hukuncin kotuna suna ambaton wanda yake bawa da wanda ya fanshi kansa. Dokar 12 ga Disamba 1905 ta hana mayar da mutum bawa, dokar Nijar ta 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, amma har yanzu kalma guda tana iya rushe baiko. Abin da mutum ya gano game da gidansu nasa ne. Abin da ya tsinta game da gidan maƙwabci a wannan shafi ba shi da iznin yaɗa shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa mikrofim ya ceci takardu daga gara da zafi, ya kuma ba da damar karanta Dakar daga wani wuri. Amma abin da ya adana shi ne abin da bariki ya ga dama ya rubuta, da kunnen da ya ji shi. Aikin da ya rataya a wuyan sashenmu shi ne tsara jadawalin sunayen mutane da sarautu da garuruwa, rubutun Faransanci a gefe guda, daidaitacciyar Hausa a ɗaya gefen, lardi bayan lardi. Sai a haɗa shi da ɗaukar maganar tsofaffi, kuma wannan ne ya fi gaggawa, tun da faifai yana iya jiran mai karatu shekara da shekaru, tsohuwar da ta san laƙabin kakanmu kuwa ba za ta jira ba.