Tsofaffin sojojinmu da suka haye teku

 A wannan fitowa za mu taɓa tarihin waɗansu iyayenmu da kakanninmu, wato tsofaffin sojojin Faransa da aka ɗauka daga bakin Komadugu aka sa cikin jirgin ruwa. Kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da suka bari shi ne matansu, da ƴaƴansu, da ƴan takardu a ƙasan adaka.

Kowa ya sani Nijar ba ta da teku, don haka ba mu da rundunar sojan ruwa irin ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1956. Amma Bafaranshen da ya fara shigowa Tafkin Cadi da jirgi mai hayaƙi hafsan sojan ruwa ne, sunansa Emile Gentil. An kwance jirginsa gunduwa-gunduwa, mutane suka ɗauko a ka daga wajen Kwango, aka haɗa shi, ya biyo kogin Shari ya shiga tafki a 1897. A 1899 Joalland da Meynier suka iso Ngigmi ta ƙasa. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. A 1906 Ingila da Faransa suka shirya a kan Komadugu ta zama iyaka ta wajenmu. Daga nan gida ɗaya ya rabu biyu: wanda ke arewa da kogi ya zama na Faransa, ɗan uwansa na ƙetare ya zama na Ingila, ko da yake kasuwa ɗaya suke ci, kuma ruwa ɗaya suke sha.

Rundunar da ake kira tirayar ta Senegal, Faidherbe ya kafa ta a 1857. Sunan ne kawai na Senegal, amma a ciki akwai Bambara, Mosi, Zabarmawa, Hausawa da Barebari. Tun 1912 aka fara ɗaukar soja da tilas, a 1919 kuma aka mai da shi doka ko ba a yaƙi, shekara uku ga wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Komandan ya yanka wa sarkin kanton adadi, sarkin kanton ya yanka wa masu gari, likita ya duba ƙirji da haƙora. Ba ma ɓoye wa juna, sau da yawa ɗan talaka ne ko maraya aka miƙa, ɗan mai hali kuwa a haye da shi kogi da dare sai komai ya lafa. A yaƙin 1914 zuwa 1918 kusan mutum 200,000 aka ɗiba daga ƙasashen baƙar fata na Faransa, kimanin 30,000 ba su dawo ba.

To, a tuna wane irin ruwa waɗannan samari suka sani. Komadugu ce, wadda takan zo da damina, ta cika da sanyi, ta ƙafe da bazara har yaro ya taka ya wuce. Ana haye ta da kwalekwale ko da gora. Sai ga shi bayan tafiyar watanni an kai mutum bakin ruwan da ba shi da ƙetare, ba ya shawuwa don gishiri, an tura shi can ƙasan jirgi tare da ɗaruruwan mutane da ba ya jin harshensu. Tsoron da suka ji ba na banza ba ne. Ran 8 ga Yuni 1917 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi jirgin Sequana da ya taso daga Dakar, kusa da gaɓar Faransa. Tirayar 198 suka nutse, da yawansu ba su gane umurnin da ake ba su da Faransanci ba. A watan Janairu 1920 kuma jirgin Afrique ya nutse bayan ya bar Bordo, da tirayar fiye da 190 a ciki. Waɗannan an gama yaƙi, gida za su.

A yaƙin Hitila kogi da tafki suka sake raba mu. Ran 26 ga Agusta 1940 Gwamna Félix Eboué na Cadi ya bi Janar De Gol, Nijar kuwa ta zauna hannun gwamnatin Vishi har ƙarshen 1942. Daga Cadi Leclerc ya tashi da sojojin Afirka ya ci Kufra a Maris 1941. Ran 15 ga Agusta 1944 jiragen ruwa suka sauke runduna a kudancin Faransa, baƙaƙen soja na cikin waɗanda suka ƙwato Tulon da Marsai. Da sanyi ya matso aka janye su daga fagen daga, aka ba samarin Turawa kayansu da bindigoginsu. A littattafan lakwal an daɗe ana ba da labarin saukar, amma ana tsallake abin da ya biyo baya. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, aka buɗe wuta a kan tirayar da suka dawo daga kurkukun Jamus, don sun nemi a biya su kuɗinsu kafin su watse. Hukuma ta ce 35 suka mutu. A 2014 Shugaba Hollande ya ce sun kai 70 ko fiye, masu binciken tarihi kuma suna maganar ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan gilla. Bayan haka aka kai waɗansu Indoshin har 1954, da Aljeriya har 1962. Marigayi Janar Seyni Kunce ma ya yi waɗannan biyun kafin a kafa sojan Nijar a 1961.

Wanda Allah ya dawo da shi, yadda dattawa ke ba da labari, ba zaman hira ya dawo yi ba. Wani ya tarar an yi masa sadakar arba'in, wani ya tarar matarsa ta yi aure. Ya sake ɗaukar fartanya. Idan lokacin biya ya yi sai ya sa kwat da lambobinsa, ya hau doki ko raƙumi zuwa wurin komandan, ya dawo da hatsi, da turmin zane na uwargida, da kuɗin harajin ƙannensa. Gidan tsohon soja ba ya rasa marayu. Kuma a lokacin da iyaye ke ɓoye yara cikin rumbu don kada a rubuta su lakwal, sau da yawa shi ne ya kama hannun ɗansa, wani lokaci har da ɗiyarsa, ya kai da kansa, domin ya ga yadda rashin karatu ya sa aka ci haƙƙinsa. Gaskiya ne waɗansu sun dawo da zafin rai, da ihu cikin barci, ana ce musu masu taɓin soja. Matan da suka zauna da su haka shekara talatin, ba wanda ya ba su lamba.

Maganar fansho kuwa ga yadda take. Ran 26 ga Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da za su sami ƴanci, ya tsaya inda yake, na Bafaranshe kuma yana ta hawa. Shekara arba'in ana haka, har ya zama abokan rami ɗaya, ɗaya na karɓar ninkin na ɗaya sau da yawa. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. An daidaita wani sashe a 2007, sauran daga Janairu 2011, amma da sharaɗin mai haƙƙi ya rubuta ya nema. Nawa ne cikin tsofaffin matanmu suka ji wannan labari?

Tun Fabrairu 2015, da aka kai hari Boso da Difa, mutanen bakin kogi suka yi ta tashi zuwa bakin kwalta, Ngagam, Kinjandi, Garin Wanzam da Asaga. Wanda ya fita da dare da yara a hannu ba ya tuna adaka. Abin da wuta ta bari, ambaliyar 2019 da ta 2022 sun jiƙa. A farkon 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Sai dai ana ajiye dosiyen sojojin ƙasa a garin Pau na Faransa, kuma da cikakken suna, da lambar soja, da shekarar ɗauka ake nemo mutum.

Saboda haka muna roƙon duk wanda ke da karnen soja, ko takardar fansho, ko hoto, ko lamba ta mahaifinsa ko kakansa, ya kawo wa magatakardan ƙungiya a taro mai zuwa. Za a kwafe a ba shi abinsa nan take. Wanda takardunsa suka ɓace ya zo da tsohuwar gidan, ko wani dattijo da ya san mamacin, mu rubuta sunansa, da garinsu, da inda aka kai shi, da sunayen ƴaƴan da ya bari.